Dogara da Mudun Baƙo

Akwai wani manomi mai fadamar albasa a bakin kogi. Duk wanda ya yi masa dashe daga safe zuwa yamma, mudu biyu na dawa yake auna masa. Cikin 'yan ƙodagonsa akwai Dogara, wanda ya shekara tara yana ciyar da 'ya'yansa biyar da mudu biyun nan.

Wata shekara yaƙi ya koro mutane daga ƙetaren kogi, suka kafa bukkoki a bayan gari. Manomin ya ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki. Da yamma ya auna wa Dogara mudu biyu, ya auna wa baƙon ma biyu.

To, ko ƙwaya ba a rage wa Dogara ba, amma ran nan tuwo bai yi masa daɗi ba. Kishi ya hana shi sakat. Shi da ya tsufa a fadamar nan, a haɗa shi da wanda ya zo jiya da tabarma a ka? Kashegari ya ja manomin gefe.

"Maigida, ɓarnar hatsi kake yi," in ji shi. "Mutanen nan yunwa suke ji. Ko mudu ɗaya ka ba shi, da godiya zai karɓa."

Manomin ya gwada. Baƙon ya dubi mudu ɗayan, ya sunkuyar da kai, ya buɗe buhunsa, gama ba shi da wurin zuwa. Dogara kuwa har da 'yar waƙarsa a hanyar gida.

Kafin mako ya zagayo, labari ya kai ga sauran masu fadama, kowa ya nufi bukkokin don neman ma'aikata. Da Dogara ya iso fadamar wata safiya, sai ya tarar da baƙi shida suna dashe.

Manomin ya ce, "Aiki yana nan, Dogara, amma yanzu mudu ɗaya ne. Ai kai ka buɗe mini ido."

Ran nan mudu ɗaya ya kai wa 'ya'yansa biyar.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin shi ne duk mai ɗaukar ma'aikaci da ya mai da yunwar baƙo ribarsa, Allah kuwa zai tambaye shi. Amma Dogara mu ne, ni da ku, kada wani ya waiwayi na kusa da shi. Sau nawa abin da ke hannunmu ya ishe mu, har sai da muka leƙa hannun wani? 'Yan'uwa, in aka biya ɗan gudun hijira daidai da kai, ka gode wa Allah, gama cikakken ladansa ne yake tsare naka. Ranar da ka roƙa a rage masa, daga bakin 'ya'yanka kake cirewa.