Baƙin Ɗigo a Kwanon Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya matso kan tabarma.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A can ƙasar Koriya, wajen mafitar rana, aka yi wani sarki. Duk shekara yakan yi bikin tunawa da kakanninsa, a zuba shinkafa a kwanon tangaran fari fat, ba zane ba ɗigo. Mai gina masa kwanon wani tsoho ne, Dokbe. Al'adarsu kuwa, duk kwanon da ya fito da aibi a take ake sa masa guduma, don kada ya shiga fada, kada kuma wani ya ci a ciki.

Sai manzon sarki ya zo ya ce, "Biki ya matso. In ba kwano, sarki zai karɓe tanderun da kake gasa kwano ya ba wani."

Dokbe ya kwaɓa farin yumɓu, ya gina, ya gasa. Da kwano ya huce sai ya ɗaga shi a rana. Idon tsoho dai kun san shi, ga taurin kai. Sai ya hango baƙin ɗigo a bakin kwanon, kamar ƙwayar masoro. Sai guduma, kwas.

Matarsa Okbun ta ce, "Maigida, da ka bari na gani."

Ya ce, "Tun kafin a haife ki nake wannan aiki."

Sai ya sake gini, ya sake gashi. Wannan karon ɗigon yana can cikin kwano. Sai guduma.

Ta ce, "Maigida, yumɓun fa ya kusa ƙarewa."

Ya ce, "Je ki duba girkinki."

Sai ya tattara ɗan yumɓun da ya rage, ya gina na ƙarshe. Ya ɗaga, ga ɗigo a gefe. Tsoho ya ji kamar ya fashe da kuka, don a tanderun nan ya gaji ubansa. Amma al'ada ce, sai ya ɗauki guduma.

Okbun ta ce, "To bari ko sallama in yi da shi."

Ta karɓi kwano, ta dube shi, tausayin mijinta ya kama ta. Sai ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, numfashin ya bugi kwanon. Sai ɗigo ya tashi sama, ya kewaya, ya sauka a hancin Dokbe. Ashe ƙuda ne.

Dokbe ya dubi kwano, ya dubi tarin tsingaron da ya fasa. Can sai ya naɗe kwanon a ƙyalle ya kai fada. Sarki ya yaba, aka yi biki, tanderu ya tsira.

Da ya dawo gida sai ya ce, "Okbun, maganar ƙudan nan kada ta fita daga gidan nan."

Ta ce, "Haba maigida, wa zan gaya wa?"

To ga ta nan har ta iso kunnenku.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, na ajiye ta nan. Ku dai in za ku fasa abu, ku bari wani ya duba tukuna.