Gafiya Da Dafaffen Kurkum

An yi wata Gafiya mai rowa da ke zaune ita kaɗai a bayan wani tsohon rumbu. Ba miji, ba 'ya'ya, ba mai leƙo ta. Abin da take da shi kawai ɗan lambun kurkum ne, wannan saiwar mai rina miya ta koma rawaya. Duk unguwar ita kaɗai ke da irinsa.

Sai lokacin tono ake yi mata sallama. Ranar kuwa har tabarma take shimfiɗawa, ta riƙe baƙo da hira, ba ta so ya tafi.

Wata rana tana tono, sai ga maƙwabciyarta Bushiya, mai surutun tsiya.

"Yaya Gafiya, a sam mini ɗan iri mana, ni ma in dasa."

Gafiya ta dakata da tono. In kowa ya dasa, wa zai ƙara zuwa wurinta?

"Ke da ko tsintsiya ba ki iya riƙewa ba, za ki iya ban ruwan wata takwas?"

"To ke da kika iya, me ya ƙara miki? Da ganye kike hira."

Maganar ta soki Gafiya. Ta ɗauki wani ɗan gutsure ta jefe ta da shi. Bushiya ta dunƙule, gutsuren ya maƙale a ƙayarta, ta tafi da shi ba ta ma sani ba.

Ran nan Gafiya ta ɗora tukunya. Dama akan tafasa kurkum kafin a shanya a daka, amma ana ware na iri, don dafaffe ba ya tsira. Ita haushi ya rufe mata ido. Ta juye duka. "In ga uban da zai samu na dasawa."

Damina ta zo. Sai a lokacin ta tuna ba ta ware na iri ba. Ta binne busassun haka nan, kullum tana tsugune a kansu. Sati uku, sati shida, ko ɗan kore babu.

Shi kuwa gutsuren nan ya faɗi a gindin randar Bushiya, inda ruwa ke ɗiga, ya tsiro abinsa. Da ya yi 'ya'ya ta rarraba wa kowa iri.

Shekara ta zagayo. Gafiya ta shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zo. Ta bayan zana take jiyo dariya, ana ta gardamar kurkum ɗin wa ya fi girma. Da yamma ta naɗe tabarmarta, ta je ta tsaya a ƙofar Bushiya.

"Ƙanwata... ko za ki sam mini iri?"

Bushiya ta dube ta sama da ƙasa. "Ɗanye kike so, Yaya, ko in tafasa miki?"

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya hana kowa iri don a riƙa neman sa, wata rana shi ne zai fita nema. Mutane ba a ɗaure su da rowa.