Kujerar Bakin Ƙofa

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani mutum mai suna Akila, wanda aka ɗora a kan wani ƙaramin ofis inda ake shirya waƙoƙi da darussa domin ikilisiyoyin ƙauye. Mutum ne mai son jama'a ƙwarai. In ka ba shi tuwo shi kaɗai, sai ya ɗauki kwanon ya fita neman wanda za su ci tare.

Abin yana da tushe. A samartakarsa ya yi aiki a birni, a wani dogon bene inda kowa ke da ɗakinsa da ƙofarsa da makullinsa. Wata rana maƙwabcinsa na ɗaki ya rasa ɗa, har aka tashi daga zaman makoki Akila bai ji ba, alhali bango ne kawai a tsakaninsu. Wannan abu ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Tun daga ranar ya ƙudura cewa in Allah ya ba shi wurin aiki, ba bangon da zai shiga tsakanin mutum da ɗan'uwansa.

Da lokaci ya yi, aka ba su fili don su gina sabon ofis. Akila ya kira magini, ya karyo kara, ya zana masa abin da yake so a kan ƙasa: babban ɗaki guda, tagogi gabas da yamma, ƙofa mai faɗi, dogon tebur a tsakiya.

Maginin ya dubi zanen, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Malam, ina za a raba?"

Akila ya ce, "Ba za a raba ba. A gidan ubana akushi ɗaya muke ci."

Aka yi ginin, ya kuwa yi kyau. Da safe haske yakan shigo ta tagar gabas ya kwanta a kan teburin, da yamma ya fita ta ɗaya tagar a hankali kamar baƙon da ba ya son tafiya. Iska na kaɗa takardu, tattabaru na kuka a kan rufin. Akila yakan tsaya daga ƙarshen tebur ya ga fuskar kowa a lokaci guda, zuciyarsa ta yi fari.

A cikin ma'aikatan akwai wata dattijuwa, Keziya, wadda ita ce mai tsara waƙoƙi. Yawancin abin da mata ke rerawa a ƙauyukan nan wajen daka da wajen sujada daga bakinta ya fito. A tsohon ofis tana zama ne a wani ɗan lungu kusa da sito, tsakanin buhunan takarda, inda in ba gizo-gizo ba babu mai leƙa ta. Akila ya daɗe yana jin kunyar wannan. Saboda haka a sabon ginin ya sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu, ya ajiye ta daidai bakin ƙofa, domin duk wanda ya shigo ya fara gaishe da babba kafin kowa.

Ya ce, "Yaya, zaman lungu ya ƙare. Nan ne wurinki."

Keziya ta shafa hannun kujerar, ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya sāka."

To, ku kun san mu da gaisuwa. Ba ma jefa ta mu wuce. Mai shigowa zai rusuna ya ce ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar nan, an ji sauƙi? Kafin ya miƙe wani ya iso. Fasto daga ƙauye, mai kawo takarda, mai sayar da ƙosai, matar da ta zo neman ruwan sha, har wanda ya ɓata hanya, kowa sai ya durƙusa gaban Mama Keziya. Ma'aikatan kansu in ɗaya ya fita ya dawo sai ya ce sannu da aiki, ita kuma ta ce sannu da dawowa. Wace dattijuwa ce za a gaishe ta ta yi shiru? Keziya tana amsawa da fara'a, ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har la'asar.

Ita kuwa waƙa ba da ƙarfi take zuwa mata ba. Takan fara ne daga nesa, siririn sauti, kamar kiran wata mata daga hayin rafi. Sai Keziya ta yi tsit, ta lumshe ido, ta bar shi ya matso. Yanzu da zarar ya fara matsowa, sai inuwa ta faɗo a bakin ƙofa: "Mama, ina wuni?" Kafin ta gama amsa lafiyar jikoki, sautin ya koma inda ya fito.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, dawa ta sunkuya. Ƙauyuka suka fara aiko tambaya: ina waƙar godiyar kaka ta bana? Domin kowace shekara da sabuwar waƙar Keziya ake shiga majami'a da dammunan hatsi a ka. Takardar da ke gabanta kuwa fara fat. Ba ta yi ƙorafi ba. Yaya za ta ce girmamawar da aka yi mata ita ce damuwarta? Ita kanta ba ta gane haka ba. Abin da ta sani kawai, da tana ji, yanzu ba ta ji.

Ran nan da safe ta zo da ƙullin kayanta, ta tsaya gaban Akila.

Ta ce, "Malam, zan koma gida wurin ɗana. Wanda ya ba ni waƙa ya karɓi abinsa. Ban san laifin da na yi ba, amma na yi ta roƙo, shiru."

Akila ya ji kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Haba Yaya! Wani ya ɓata miki rai ne? Kujerar ce ba daɗi? A sa mata matashi."

Ta ce, "Kujera lafiyarta ƙalau. Ni ce na ƙare. Motar yamma zan bi."

Ya yi lallashi, ya yi magiya, ta ƙi. Baƙin ciki ya kama shi, ba don waƙar bana kaɗai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne baiwar Allahn nan za ta tafi tana zaton Ubangijinta ya juya mata baya.

Da rana ta take, ya kasa cin abinci. Ya fita bayan ginin, ya zauna a gindin wata tsamiya, ya jingina. Iska mai ɗumi tana kaɗawa, ƙudan zuma na shawagi a cikin ganye, can nesa wata mata tana daka. Tun yana ƙirga abin da zai faɗa wa ƙauyuka har idanunsa suka yi nauyi.

Sai ga shi yaro, a gidan ubansa. Ya ratsa zaure, ya fito tsakar gida. Ga akushin nan da yake yawan ba da labari, ga 'yan'uwansa kewaye da shi, ga hayaƙin murhu yana tashi a miƙe. Ya yi murna, zai zauna. Amma mafarkin bai bar shi ya zauna ba, ya yi ta jan sa gefe, wajen da ya daɗe bai duba ba. Sai ya ga ashe tsakar gidan kewaye take da ɗakuna, kowanne da asabari a ƙofarsa, wannan labulen siraran kara da ake saukewa a naɗe. Na ɗakin mahaifiyarsa a sauke yake. Ta ƙarƙashinsa yana hango ƙafafunta, da mazari yana juyawa, zare yana tsawo. Tana wani ɗan siririn sautin waƙa a maƙogwaro, ba ta san da kowa ba.

Ya buɗe baki zai ce, "Inna, sannu da aiki." Sai ya ji tafin hannun ubansa a kan kafaɗarsa. Uban ya nuna asabarin da haɓa, ya ja shi suka wuce a kan yatsun ƙafa. Can da inuwa ta juya, asabarin ya naɗe, Inna ta fito da zarenta a hannu, fuskarta a sake, gida duka ya ɗauki gaisuwa da dariya.

Akila ya farka. Tsamiya na nan, ƙudan zuma na nan. Amma sautin bai tafi tare da mafarkin ba. Yana nan, siriri, yana fitowa daga bayan tankin ruwa.

Ya tashi a hankali ya leƙa. Keziya ce zaune a kan wani bulo da magina suka bari, a ɗan tsukin da ke tsakanin tanki da bango. Ta zo nan ne ta jira lokacin mota, don kada a yi ta yi mata ban kwana tana kuka. Ƙullin kayanta na kan cinya, idanunta a rufe, yatsanta yana buga ƙullin a hankali. Leɓunanta na motsi.

Gaisuwa ta taso wa Akila tun daga ciki, ta zo har kan harshe, domin tunda aka haife shi bai taɓa ganin babba ya wuce ba magana ba. Ya danne ta. Ya haɗiye ta, da ƙyar, kamar busasshen rogo. Ya ja da baya, ya tsaya a kusurwar ginin. Da mai ƙosai ta ɓullo tana shirin kwaɗa sallama, ya ɗora yatsa a baki, ya nuna mata wata hanya. Da motar yamma ta tsaya a bakin titi ta yi ta ƙaho, ya ɗaga wa direban hannu ya wuce. Haka ya yi gadi har rana ta yi ja.

Sai Keziya ta fito, fuskarta jiƙe da hawaye. Ta ce, "Malam, ta dawo! Ashe bai karɓe ba."

Akila ya ce, "Bai taɓa karɓewa ba, Yaya. Ni ne na ajiye ki a kan hanya. Ki gafarce ni."

Washegari ya sake kiran maginin. Mutumin ya zo yana murmushi, ya ce, "Malam, a kawo bulo ke nan?"

Akila ya ce, "A'a. Kawo zana da asabari."

Bai taɓa dogon teburin ba. Amma a jikin bangon gabas ya sa aka kakkafa 'yan ƙananan ɗakuna na zana, kowanne da ɗan tebur da taga, ba ƙofa, ba makulli, sai asabari wanda bai kai ƙasa ba, yadda za a riƙa ganin ƙafafun mai ciki a san yana lafiya. Ya tara ma'aikata ya ce, "Da safe za mu gaisa a tebur, mu gaisa sosai, har kaji da awaki a tambaya. Bayan haka, wanda ya sauke asabari ba ya bin kowa gaisuwa, ba a bin sa. Amma ba mai cin abinci a bayan asabari. In an sauke tukunya, kowa ya fito." Kujera mai hannu kuwa aka bar ta a bakin ƙofa, ta zama ta baƙi.

Bayan 'yan kwanaki Keziya ta naɗe asabarinta, ta kawo waƙar tebur. Da ta rera, wani ma'aikaci mai suna Sila ya ce, "Mama, baiti na biyun nan ya yi wa yara tsawo, numfashinsu ba zai kai ba." Ta harare shi, ta sake rerawa, sannan ta yi dariya ta ce gaskiyarsa. Wata ta kawo amshi, wani ya ɗauko ganga. Waƙar da aka shiga da ita majami'u a kakar nan, a bayan tanki aka haife ta, amma a kan tebur ta yi ƙafafu.

Ga ma'anar misalin, ya ku ƙaunatattu. Ginin nan rayuwar mai bi ce. Dogon teburin shi ne zumuntarmu: sujada tare, ci tare, ɗaukar nauyin juna, da gyaran da ɗan'uwa yake yi maka wanda kai ba za ka iya yi wa kanka ba. Ɗan ɗakin asabari kuwa shi ne wurin da mutum yake kaɗaita da Allahnsa. Ubangijinmu kansa yakan bar taro ya hau dutse shi kaɗai, sa'an nan ya sauko ya zauna cin abinci da almajiransa. Bai zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba.

Waɗansunmu Akila ne. Kaɗaici ya taɓa cizon mu, sai muka rushe kowane bango, muka cika mako da taro, da ziyara, da kwamiti, har ba sauran lokacin da mutum zai ji muryar da ba ta ɗaga sauti. Da ƙauna muke yi, shi ya sa ba mai iya ce mana mu bari. Waɗansunmu kuma Keziya ne. Mun gaji, mun daina ji, muna zaton Allah ya yi fushi da mu, alhali a bakin ƙofa muke zaune. Akwai kuma wanda ya sauke asabarinsa tun bara bai naɗe ba, yana ce da shi tsarki. Shi ma ya sani, asabari ba ƙofa ba ce.

Saboda haka a makon nan, in ka ga na ɗan'uwanka a sauke, riƙe gaisuwarka, ba za ta lalace ba. In ba ka da naka, nemi ko bayan tanki ne. In kuwa naka ya daɗe a sauke, naɗe shi ka fito, an sauke tukunya, kai muke jira.