Ƙulli Uku a Ƙarƙashin Gadon Inna

An yi wani mutum a nan Tasawa. Ba zan faɗi sunanshi ba, kuma ku daina waige-waige, ba ya cikin masallacin nan. Da ma a ce yana ciki.

Ɗan ƙauyen Isawan ne, can arewacin Mayahi. Ubanshi ya rasu shi yana yaro a lakwal, makarantar boko. Uwarshi ta ƙarasa ɗawainiyarshi da dakan gero da kiwon awaki, har ya zama babba a wani biro, ofis ke nan. Ya gina gida, ya shimfiɗa karo, wato tayil, a ƙasa, yana ƙyalli har ka ga haƙoranka. Ya ɗauko tsohuwa daga ƙauye ya ba ta ɗakin ƙurya. Jama'a suka ce ɗa na gari ne. Shi ma ya yarda.

Sai dai ɗakin nan ya tsaya mashi a rai. Kun san ɗakin tsohuwa: ƙwarya kan ƙwarya, kwalaben man shanu, daddawa a rataye, tsummokara a ƙarƙashin gado. In iska ta kaɗo ƙamshin daddawa zuwa salo, ɗakin baƙi, sai mutuminku ya murtuke kamar wanda aka take wa sabon takalmi. Daddawar da ta gina mashi ƙashi, yau ita ce abin kunya.

Rannan aka ce manyanshi na tafe daga Yamai, babban birni, a gidanshi za su ci abincin rana. Cikinsu akwai wanda in ya sa hannu a takarda, an ɗaga mutuminku zuwa babban birni. Sai ya kira matan nan masu aikin share gidaje, waɗanda ke zuwa da bokitansu da tsintsiyoyi da ruwan jabel na wanke ƙasa. Shugabarsu sunanta Jummai.

Da sassafe ya sa direba ya kai tsohuwa garin Atantane, wai ta je sunan jikar ƙanwarta. Tana shiga mota tana sa mashi albarka.

To, Jummai tana da tsarin aikinta. Kafin a jiƙa tsumma ɗaya, sai ta zaga gida da mai shi, ɗaki ɗaki: wanga a wanke, wancan a gusa, wancan kada a taɓa. Kuma suna da doka: abin da suka tarar a ɗaure ko a kulle, ba su kwancewa. Amana ce jarinsu, in babu ita wa zai buɗe musu ɗakin kwananshi?

Da suka iso ɗakin ƙurya ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Maigida, nan ɗakin Inna ne. A bari ta dawo ta nuna mana da bakinta."

Ya ce, "In ta dawo ko allura ba ta bari ku fitar. Duk abin da ya tsufa, ku kai bayan katanga ku sa mashi wuta."

Suka kama aiki. Ƙore suka fita, tsummokara suka fita, hayaƙi ya tashi bayan katanga. Da hantsi ya yi, yana tsakar gida waya a kunne, sai ga Jummai riƙe da wani ƙunshi. Tsohon zane ne da ya koɗe, an ɗaure shi da igiyar kaba, ƙulli uku.

Ta ce, "Maigida, wanga ba shara ba ne. Ba a yi wa shara ƙulli uku. Kwance ka gani, mu hannunmu ba ya kwance kayan mutane."

Ya dubi agogo. Ya dubi farar shaddar da ke jikinshi, ya dubi ƙurar da ke kan ƙunshin.

Ya ce, "Shara na kira ki ko wa'azi?"

Ya karɓa yana nesanta shi da rigarshi. Da ƙafarshi ya taka har bayan katanga, da hannunshi ya jefa cikin wuta.

Ya 'yan uwa, minti nawa ake kwance ƙulli uku? Kai mai danna waya a sahun baya, lokacin da ka ɓata tun da na fara magana ya isa a kwance goma.

Baƙi suka zo, suka ci, suka wanke hannu, suka tafi. Daga salo ba wanda ya ɗaga labule. Ɗakin da aka yi wa wannan aika-aika, ko hanyarshi ba wanda ya kalla.

Da la'asar tsohuwa ta dawo. Ta tarar da ɗaki fes, sabuwar katifa, warin jabel har cikin ido. Ba ta tambayi ƙore ba, ba ta tambayi man shanu ba. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta tura hannu ƙarƙashin gado. Ta sake turawa. Sannan ta bi warin hayaƙi zuwa bayan katanga.

Yana tsaye yana kallonta tana tona toka da kara. Ya ce, "Inna, tsummokara ne fa. Gobe in cika miki ɗaki da sababbi."

Ta ciro wani ɗan ƙyalle fari, bai kai tafin hannu ba, gefenshi duk ya ƙone. Ta kakkaɓe shi a hankali.

Ta ce, "Shekarar da ubanka ya je Makka, farin yadi biyu ya kawo, ya jiƙa su da zamzam. Ɗaya ka ga an naɗe shi ciki. Wanga nawa ne. Shekara ashirin da biyu ina kwana a kanshi."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta yi mashi baki ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage shi da ya fi sauƙi. Washegari ta ɗaure ƙyallen a bakin zanenta, ta shiga motar kasuwa, ta koma Isawan wurin ƙaninta Manzo.

Yanzu ku ce mini, me ya kamata ya yi? Ko yaron goye ya sani. Ya bi ta, ya zube a ƙasa, ya riƙe ƙafarta har sai ta ce ta yafe. Ranshi ya faɗa mashi haka, amma girman kai ya ce: kai, babba guda, ka durƙusa a turɓaya gaban mutanen ƙauyenku? Sai ya yi irin ta masu hali. Ya sayi yadi mafi tsada, ya samo zamzam wurin wani alhaji, ya ƙunshe, ya aika direba. Direba ya dawo da ƙunshin yadda ya tafi da shi. Ita ma ba ta kwance ba.

Ya ce bari ta huce. Ya ce bari takardar Yamai ta fito. Ya ce bari damina ta wuce, hanya ba kyau. Damina ba ta wuce ba aka kira shi: tsohuwa ta rasu.

Ya isa Isawan da ƙunshin a hammata, maza sun cika ƙofar gida. Zai shiga, Manzo ya tare shi.

Ya ce, "Kawu, ga likkafani na kawo."

Manzo ya ce, "Mayar da abinka mota. Ta bar wasiyya. Ta ce ko a tsohon zanenta a naɗe ta, ban da abin da ya fito hannunka. Maƙwabta sun kawo, har an ɗinka. Ɗan ƙyallen nan ma an haɗa shi ciki, yadda ta ce."

Ya ce, "Ta ambace ni?"

Manzo ya ce, "Kullum da la'asar takan zauna nan ta dubi hanya. In ta ji mota sai ta ce, shi ne ko direba?"

Gaban kowa aka yi wannan magana. A sahun ƙarshe ya yi mata salla.

Takardar Yamai ta fito bayan sati biyu. Bai je ba. Ya dawo gidan karo ya hana a ɗaga tsintsiya. Ko ɓawon gyaɗa matarshi ta share, sai ya bi ta ya tsince. Ya fara tsayawa a juji. Duk ledar da ya gani a ƙulle sai ya tsuguna ya kwance, ya leƙa, ya kai gida. Biro suka yi haƙuri har suka gaji. Matarshi ta yi haƙuri har ɓeraye suka fara cizon yara, ta kwashe su ta tafi gidansu. An kai shi likita, an yi rubutu an sha. Shiru.

Yau salon da manyan Yamai suka ci abinci, shara ta kai taga. Kun san shi, kun sha wuce shi kusa da tasha, farcenshi duk sun kakkarye wurin kwance ƙulli. In Jummai ta wuce da bokitanta takan ajiye mashi abinci a leda. A buɗe take ajiyewa, ba ta ƙullawa.

Ya 'yan uwa, ban ce kada ku kira masu shara ba. Tsabta addini ce, kuma wasunku, ba don azumin bakina ba, gidanku na neman Jummai biyu. Amma in sun tambaye ka, tsaya ka amsa. Ɗakin da ba naka ba, jira mai shi. Baiwar Allah da aka ɗauko aikin yini ɗaya ta ji nauyin tsohuwar nan, ɗan da ta ɗauka wata tara bai ji ba.

An hana mu ko tsaki ga iyaye. Shi ya ji kunyar uwarshi don baƙon da bai wuce labule ba. Kuma ba wutar ce ta kai shi ƙasa ba. Bayan wutar, ƙofa ta yi wata uku a buɗe, tsohuwa na zaune tana duban hanya. Gafarar uwa ba a aika direba ya karɓo ta.

Wanda uwarshi ke raye, in mun sallame ya wuce can, tun ana jin amsa in an yi sallama. Wanda tashi ta riga shi, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, abin da ya rage mashi ke nan.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa su bar duniya suna masu yarda da mu. Shi ma bawan nan da ke tasha, Allah ya dube shi da rahama. Allah ya kiyaye mu.