Ƙafar Sesugh Bakanike

Akwai wani bakaniken manyan motoci a Potiskum mai suna Sesugh, ɗan ƙabilar Tibi, mazaunin unguwar Dogo Tebo. Ƙato ne majiyi ƙarfi, ga iya aiki, sai dai shekara goma sha biyar bai taɓa wuni babu giyar ogogoro a cikinsa ba.

Da rikicin Boko Haram ya sa gidajen giya suka rufe, matarsa Mnena ta yi ta godiya ga Allah. Ashe murna za ta koma ciki. Gorar ruwa gogan ya samu yana ɗurawa, yana kurɓa a ƙarƙashin tirela.

Wata Laraba harbi ya tashi kusa da gareji, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Garin tsallake tulin ƙarafa, wani tsohon kwano ya yanki Sesugh a ƙwauri. Maƙwabcinsa Malam Zarami, dattijo mai facin taya, shi ma ya yanke, nasa yankan ya fi muni, har sai da aka ɗinke.

Sesugh ya ƙi asibiti. Ya tsiyaya ogogoro a kan ciwon, ya shanye ragowar, wai ya kashe cutar waje da ta ciki. Mnena ta yi magiya har ta gaji.

Bayan sati uku Malam Zarami ya koma kan facinsa. Ƙafar Sesugh kuwa ta kumbura, ta yi baƙi, tana wari, ga zazzaɓi. A Keke Napep aka kwashe shi zuwa asibiti, magani kuma ya ƙi ci.

A nan tsoro ya kama shi. Ya dubi Hanatu, nas ɗin da ke wanke masa ciwon.

"Sista, maƙwabcina Malam Zarami a haife ya haife ni, shi ma ya yanke amma ya warke. Ni me na yi?"

Ta ce, "Oga Sesugh, ka tuna da aka katse layin waya a garin nan? Ko gidanka na ci da wuta, ba ka iya kiran ɗan'uwanka. To a jini akwai sojoji. In cuta ta shigo, na kusa ke aika saƙo sauran su kawo ɗauki. Giyar shekara da shekaru ta rikita saƙon. Wasu ba su ji kiran ba, waɗanda suka zo sun makara."

Ya rantse ya daina sha, ya roƙi a ba shi sati ɗaya. Likita ya ce ko ƙafar ko ransa. Aka yanke ta daga gwiwa.

Ranar sallama Mnena ta kawo masa kayan sawa. Bisa sabo, ta haɗo da takalmansa ƙafa biyu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Mnena, mayar da ɗaya jaka."

Darasi: Giya ba ta kashe cuta a jiki, masu tsaron jikin take kurumtawa, ba za ka sani ba sai ranar da ka buƙace su. Ku tura wa wanda kuke jin tsoron rasawa.