Giwan Ruwan Hakimi

Talle, Larai, ku matso ku ji.

Shekarar da kifi ya ƙare a tafkinmu, don yaran Hakimi suna tace ruwa da gidan sauro, Hakimi ya kira kawunku Bagudu masunci.

Ya ce, "Giwan ruwa nake so mai tsawon mutum, ran Juma'a. In babu, jirginka ya zama nawa."

Ran Juma'a sai ga Bagudu da ƙwarya, da ɗan kifi kamar yatsa a ciki.

"Mene ne wannan?"

"Giwan ruwanka ne, ranka ya daɗe. Tsawon ne bai iso ba tukuna."

"To, mayar da shi tafki ya girma."

"Gobe yaranka za su kwashe shi."

"Nuna musu shi, su kiyaye."

"In ya shiga cikin 'yan'uwansa, ko ni ba zan gane shi ba."

Sai Hakimi ya hana taɓa tafkin har shekara uku.

Yau tafki ya cika. Duk babban kifin da aka kama, Hakimi ya ce nasa ne, Bagudu ya ce nasa bai kamu ba tukuna. Ku da kuka yi boko, ku raba musu gardamar nan.