Cinikin Fadama

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Zaki ya so sayar wa Giwa fadama, don ta cike ta kafa kasuwa. Kura ta zagaya ta ce, "Ranka ya daɗe, laka ce kawai, ba ta kai ɗan akuya ba."

Dinya, agwagwar ruwa mai 'ya'ya a fadamar, ta kafe: "Ba a cinikin wuri sai kowa ya mayar da abin da ya ɗebo cikinsa."

Aka kwashe tukwanen yumɓu, aka tsame kifin miya, aka juye ruwan sha. Dinya ba ta huta ba sai da ta janye tabarmar Zaki, don da ciyawar fadamar aka saƙa ta.

Yana zaune a ƙasa, maƙogwaro a bushe, ya ce, "Kura, nawa kika ce?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare nan.